Tambayoyin da ake ta yi mana kan kuɗin da muke tarawa na gidan mafakar mata a Zariya

Assalamu alaikum. Tunda muka fara neman taimakon nan tambayoyi suke ta shigowa, wasu ta waya wasu a wajen biki wasu ma har gida ake biyo mu, kuma kusan duk iri ɗaya ne, shi yasa muka ce bari mu haɗa su waje guda mu amsa. Wasu tambayoyin da zafi aka yi su, bamu cire su ba, dan wanda zai ciro kuɗi daga aljihunsa a wannan yanayin da ake ciki yana da haƙƙin ya tambaya.

Wai wane irin gida ne kuke son buɗewa?

Gidan haya ne kawai mai 'yan ɗakuna da katanga da ƙofa mai kyau, inda macen da mijinta ko wani a gidan yake duka zata iya zuwa ta kwana cikin aminci ita da ƙananan yaranta, a kaita asibiti, ta ci abinci, ta yi bacci, hankalinta ya dawo jikinta kafin a zauna maganar me za'a yi gaba. Ba gidan marayu bane ba kuma gidan zama na dindindin ba.

Ba ta da iyaye ne? Ai mu mun san yaji gidan iyaye ake yinsa.

Hajiya wannan gaskiya ne, kuma in da hali mu ma gidan iyayen muka fi so, duk wadda take da uba ko wa ko kawu da zai tsaya mata ba ta buƙatarmu. Amma ki duba matan da suke zuwa mana. Wata marainiya ce, gidan nasu an raba gado an sayar. Wata daga wani gari aka auro ta, iyayenta na can Funtuwa ko Birnin Gwari ko ma Maraɗi, ƙarfe ɗayan dare ba kuɗin mota ba waya dan ya ƙwace wayar, ina zata nufa? Wata kuma iyayen na nan a cikin gari amma ta sani tana shiga kafin ta ajiye goyo za'a ce ta yi haƙuri ta koma ɗakinta, wani lokacin ma ƙaninta za'a haɗa ta da shi ya mayar da ita a daren, ba wai dan basa sonta ba, a'a, gidan ne ba abinci, ga wasu zawarawan biyu a ɗaki, ga kunyar surukai in auren zumunci ne, dan in mijin ɗan wan babanki ne toh ƙarar wa zaki kai kuma wajen wa?

Da can yaji yana da tsari, mace ta tafi gida, miji ya turo manya biko, a zaunar da shi a yi masa faɗa, wani lokacin a gindaya masa sharaɗi kafin a bashi matarsa. Yanzu a gidaje da yawa ko bikon ba'a jira. Wannan gurbin ne muke son cikewa, kwanakin da ya kamata ace ta samu a gidansu.

Ku faɗi gaskiya, ba raba aure kuke yi ba? Kuma addini ya yarda mace ta bar gidan miji ba izini?

Malam wannan ce tambayar da aka fi yi mana kuma zamu amsa ta a tsanake. Mu bama raba aure kuma bama ɗaura shi, bamu da wannan ikon, na miji ne da alƙali. Abinda muke yi shine mu raba mace da duka. In bayan ta warke ta ce tana son komawa, za'a kira waliyyinta da nasa da mai unguwa ko limami a zauna a yi sulhu a rubuce, ta koma. In ta ce ta gaji kotu zata je, mu haɗa ta da lauya. Zaɓin nata ne, ba wadda zamu zuga ba kuma wadda zamu tilasta.

Maganar addini kuwa, ai sulhun nan da muke cewa ba mu muka ƙirƙiro shi ba, yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 35, in aka ji tsoron saɓani a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta. A surar dai aya ta 19 aka ce a zauna da su da alheri, a Baƙara aya ta 231 kuma aka hana a riƙe mace dan a cutar da ita. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta bada shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace da hannunsa ba, ko mai yi masa hidima, hadisin na cikin Sahihu Muslim. Sannan a mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke bi, macen da ta tabbatar wa alƙali ana cutar da ita yana da ikon ya raba auren saboda cutarwa ba sai ta biya khul'i ba, kuma wallahi mata da yawa basu san wannan ba, sai kaga mace an fasa mata baki kuma ita ce take yawon neman rancen da zata mayar da sadaki. Wannan kaɗai ya isa yasa muke son lauya a kusa.

Mu ba malamai bane, muna da malaman da muke komawa wajensu, mata da maza. Amma ba malamin da ya taɓa ce mana macen da aka shaƙe wa wuya ko aka taka mata ciki ta tsaya neman izinin fita a wajen wanda ya shaƙe ta. Kare rai yana gaba. Sarki Muhammadu Sanusi II ma ya sha fitowa bainar jama'a yana magana da kakkausar murya akan dukan mata, ba maganar 'yan boko bace kawai kamar yadda wasu suke son su nuna.

Anya matsalar ta kai yadda kuke faɗa? Mu a unguwarmu bama ji.

Ba kwa ji ne dan ba'a faɗa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018, wanda ake kira NDHS, ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu ko an ji musu ciwo tun daga shekara 15, kuma cikin waɗanda suka taɓa aure kashi 36 sun ga cin zarafi daga miji, na duka ko na kwanciya da ƙarfi ko na muzantawa. Abinda ya fi damunmu a binciken shine kashi 55 na waɗanda abin ya sama basu taɓa neman taimako ba, ko faɗa wa wani basu yi ba. Toh kinga in fiye da rabi sun yi shiru dole unguwa ta zama kamar lafiya lau. Ki tambayi nas ɗin da take aikin dare ko ungozoma, su suke ganin wadda ta "faɗi a banɗaki" sau uku a shekara.

Ina takamaimai kuɗin zai tafi?

Na farko haya, dan masu gida shekara suke karɓa gaba ɗaya wasu ma shekara biyu, ga la'adar dillali, sai gyara: ɗaga katanga, ƙofar ƙarfe, banɗaki, tankin ruwa, ɗan sola dan gida irin wannan bai kamata ya kwana a duhu ba. Gyaran nan sau ɗaya ne kuma shi mutane suka fi son bayarwa saboda ana ganinsa da ido.

Amma dan Allah ku saurara da kyau anan, abinda yake rufe irin wannan gidan ba rashin katifa bane, kuɗin yau da gobe ne. Albashin maigadi dare da rana. Albashin uwar gida, wato dattijuwar da zata riƙa kwana da matan, dan ba zai yiwu ace 'yan sa kai ne zasu riƙa karɓa-karɓa ba, yau wannan na da biki gobe ɗan waccan ba lafiya. Abinci sau uku, gas ko gawayi, sabulu, omo, audugar mata, madarar jarirai in uwar ba ta iya shayarwa. Sai asibiti wanda shi ba ya sallama, mace ɗaya da ta zo da karaya a hannu ko ɓari zata iya cinye abinda aka ware na wata guda, hoton ƙashi, ɗinki, ƙarin jini, magani. Sai kuɗin mota zuwa kotu wanda ba zuwa ɗaya bane, a ɗage a ɗage, ga kuɗin kai sammaci. Lauyoyi mata irin na ƙungiyar FIDA suna tsayawa kyauta a shari'o'i da yawa, Allah ya saka musu, amma zirga-zirgar da takardun ai sai da kuɗi.

Na ƙarshe kuma wanda ni a ganina ya fi komai, ɗan jarin fita. Mafi yawan matan da suke komawa inda ake dukansu ba so ne yake mayar da su ba, tambaya ɗaya ce, in na fita me zamu ci ni da yara? In ta fita da keken ɗinki ko injin markaɗe ko jarin ƙosai da kuɗin ɗaki na 'yan watanni toh ko komawa zata yi ta koma da ƙafarta ba yunwa ce ta kora ta ba, kuma shi ma ya san tana da inda zata.

Shi yasa muke cewa wanda zai iya bada dubu ɗaya duk wata ba fashi ya fi mana amfani akan wanda zai bada dubu ashirin sau ɗaya ya manta da mu. Dukansu muna so muna godiya, amma da na wata-watan ne muke iya yiwa maigadi alƙawarin albashi. Ku ɗauke shi kamar zubin adashe.

Zan iya bada zakkata?

Eh amma ka faɗa mana cewa zakka ce. Zakka tana da mutanenta guda takwas da aka lissafa a Suratut Tauba aya ta 60, kuma abinda malamanmu suka faɗa mana shine ba'a biyan haya ko gini ko albashi da ita, hannun mabuƙaci ake damƙa ta. Dan haka zakka daban muke rubuta ta, kuma tana tafiya kai tsaye hannun matan da suka cancanta, jarinsu ko bashin asibitin da ke kansu. Haya da albashi daga sadaka da gudummawa suke fita. In kuma akwai mai gidan da baya amfani da shi yana son ya bada wakafi, ya neme mu, wannan zai sauke mana rabin nauyin.

Ya za'a yi mu yarda ba cinye kuɗin zaku yi ba? An sha yi mana.

An sha yi kam, bamu ga laifinka ba. Ga yadda muka tsara. Ba'a tura kuɗi asusun mutum ɗaya, ko ni ko shugabarmu, asusun ƙungiya ne mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, kuma muna da takardar SCUML da banki yake nema kafin ya buɗe wa ƙungiya asusu. Kuɗi baya fita sai mutum biyu sun sa hannu. Duk wata uku zamu fitar da lissafin abinda ya shigo da abinda ya fita, shinkafa buhu nawa, asibiti nawa, ba sunan kowa a ciki, kuma duk mai son ganin rasit ya zo ofis a buɗe masa fayil. In ka tura ka riƙe alat ɗinka ka nemi rasit, haƙƙinka ne. Duk wanda ya turo maka lambar asusu mai sunan mutum yace namu ne, ko yazo da hoton mace da kumburarriyar fuska yana roƙo da sunanmu, ba mu bane, ka sanar da mu.

Toh me yasa ba kwa saka hotunan matan ko bidiyo? Ai da an fi tausayawa.

Mun sani, da kuɗin ya fi haka shigowa, mun ga yadda ake yi a TikTok da Facebook. Amma ba zamu yi ba. Hoto ɗaya ya isa mijin ya gane tayil ɗin ƙasa ko launin bango ya fara bincike, kuma ko bayan shekara goma yaranta zasu girma su tarar da fuskar uwarsu a wayoyin mutane, wata ma sai ta rasa mijin aure na gaba saboda shi. Mace ta zo mana a ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarta, ba zamu ce sai ta tsaya gaban kyamara kafin ta ci abinci ba.

A ina gidan zai kasance? Zan iya kai kaya da kaina in gaishe su?

A'a, kiyi haƙuri. Inda gidan yake sirri ne, ko cikinmu ba kowa ne zai sani ba, ba kuma allo a ƙofa. Kaya ofis ake kawowa. Waɗanda dole su sani sune hukuma, wato ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a ta jiha da DPO na yankin da mai unguwa.

Wannan ba aikin gwamnati bane?

Nata ne, kuma ba'a ce ba ta yi komai ba. Akwai dokar VAPP ta hana cin zarafi da aka sa wa hannu a 2015 a tarayya, Jihar Kaduna ta yi tata a 2018, kuma a cikinta kotu zata iya bada umarnin kariya da zai hana mai dukan kusantar matar. Akwai cibiyoyin Salama a Kakuri da Tudun Wada da Kafanchan da nan Zariya a asibitin Gambo Sawaba, inda ake duba waɗanda aka yiwa fyaɗe da cin zarafi, Kano na da Waraka a asibitin Murtala, Sakkwato na da cibiyar Nana Khadija. A watan Yunin 2020 lokacin kullen korona da abin ya yi ƙamari har gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci akan fyaɗe da cin zarafin mata.

Amma cibiya asibiti ce, zata duba ki ta baki magani ta rubuta rahoto, in yamma ta yi fa? Takardar kotu kuma ba'a samunta a daren da abin ya faru. Tsakanin asibiti da kotu akwai darare da dole mace ta kwana a wani waje. A Legas ƙungiyar Project Alert ta buɗe irin wannan gidan mai suna Sophia's Place tun 2001, ba gwamnati ta jira ba, mu ma ba zamu jira ba, amma tare da hukuma zamu yi aiki ba a bayan idonta ba.

Kwana nawa mace zata yi, kuma da yaranta?

Daga kwana ɗaya zuwa 'yan makonni, in shari'a ta ja a duba a ƙara. Ƙananan yara suna zuwa da uwarsu, dan mun lura yawanci abinda yake hana mace gudu kenan, an ce mata in ta fita ta bar 'ya'ya. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, ciyarwa na kan uba, sai in akwai dalilin da alƙali ya gani. Samarin yara da suka tasa kam ba zasu kwana cikin mata ba, sai mu nemi ɗan'uwa amintacce ya riƙe su.

In mijin ya gano wajen ya zo da rigima fa? Ko yace kun sace masa mata?

Shi yasa duk wadda ta shigo, babba ce mai hankalinta, zata sa hannu ko ta dangwala cewa da kanta ta zo, kuma a sanar da hukuma a ranar. In tana so a kira waliyyinta a gaya masa tana hannu mai kyau. Miji in yana son magana ƙofa a buɗe take, amma a ofis ko gaban mai unguwa ko kotu, ba a gidan ba. In ya zo da faɗa kuma aikin 'yan sanda ne.

Musulmai kawai zaku karɓa?

A'a. Daga cikin birni take ko Sabon Gari ko Wusasa ko Samaru, duk wadda ta ƙwanƙwasa za'a buɗe, kowa ta yi ibadarta.

Maza fa, ai akwai matan da suke cutar da mazajensu.

Akwai, mun sani, kuma dokar VAPP ta shafi namiji da mace. In namiji ya zo mana zamu haɗa shi da lauya da asibiti. Gidan kwanan dai na mata ne da yara dan ƙarfinmu iya nan ya tsaya.

Ni bani da kuɗi, akwai abinda zan iya?

Sosai ma. Kwanon masara ko shinkafa ko wake, manja, zannuwa da hijabai masu kyau waɗanda ke ma zaki iya sawa, kayan yara, gidan sauro, bokiti. Mafi yawansu da kayan jikinsu kawai suke fitowa, wata ko takalmi babu. In ke nas ce ko likita ko lauya ko kin iya ɗinki ko saƙa ko haɗa turare kina iya koyarwa, bamu awa biyu a sati. Mai Keke Napep amintacce da zai ɗaga waya da daddare yana da matuƙar amfani a wajenmu. In kai limami ne ko mai wa'azi, huɗuba ɗaya akan haramcin cutar da iyali zata kai inda mu ba zamu taɓa kaiwa ba. Daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, kwanaki 16 da duniya ta ware dan yaƙi da cin zarafin mata, zamu zaga makarantun Islamiyya da coci-coci da kasuwanni, muna neman masu raka mu.

Ina zaune a waje, Saudiyya ko Ingila ko Nijar, ya zan aiko?

Ta asusun ƙungiyar dai, da duk manhajar turo kuɗi da ka saba aikawa gida da ita. Kar ka bawa wani a hannu yace zai kawo.

Maƙwabciyata ake duka yanzu haka, gidan kuma bai buɗe ba tukun, me zan yi?

'Yar'uwa kar ki jira mu. In kina jin ihu a lokacin, ki tada maigidanki ko wasu maza biyu a buga ƙofar, bugun ƙofar kaɗai yakan sa a dakata, in abin ya fi ƙarfinku a kira 'yan sanda ko 112 ko a taso mai unguwa. In akwai rauni asibiti ne farko, ba mai ɗori ba ba kemis ba, kuma a roƙi likita ya rubuta abinda ya gani dan wannan takardar ce hujjarta a gaban alƙali, a ɗauki hoton raunin a ajiye a wayar wani ba tata ba. In da fyaɗe a ciki a kaita cibiyar Salama kafin awa 72 su cika, dan maganin kariya daga cutar HIV a cikin wannan lokacin yake aiki. In ya taɓa shaƙe ta, ko ya ɗauko wuƙa, ko yace sai ya kashe ta, ko yana dukanta da ciki, kar a ɗauke shi faɗan miji da mata, ta bar gidan a ranar.

In kuma ta ce ba inda zata, kar ki yi fushi ki ce ita ta so, kar kuma ki kai labarinta gidan suna. Ki ce mata ƙofarki a buɗe take ko ƙarfe nawa ne, ku yi wata alama tsakaninku ko filashin sau biyu ko ta aiko yaro aron gishiri, ta ajiye katin shaidarta da katin asibitin yara da ɗan kuɗin mota da kaya kala ɗaya a ɗakinki. Sai ki zo ofis ki same mu, ko gidan bai buɗe ba muna da lauya da nas da zasu ganta a wannan satin.